Muryar Babanmu ta kulle a cikin saba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, a ɓoye sunana, don a unguwarmu New Bell ta Douala duk wanda ya karanta layi biyu zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mai gyaran kwamfuta ne, ina da ɗan shago a unguwa. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, direban babbar mota ne, Douala zuwa Bangui, wani lokaci Njamena. Bai yi boko ba, kuma lokacin babu wayar hannu, to idan tafiya ta yi tsawo sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba wani direba ya kawo wa Inna. Yana gaishe ta, yana ba ta labarin hanya, yana yi mana faɗa tun daga can kamar yana ganinmu. Inna ta tara kaset ɗin nan cikin kwalla, ta fi kula da su a kan zannuwanta.

Kun san Douala da damshi. Kaset suka fara fumfuna, wasu suna tsinkewa. Sai na kwashe su na juye cikin saba, wato babbar kwamfutar ajiya irin ta kamfanoni. Okaziyo ce, wato gwanjo, na saya daga kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa, amma ƙarfe ne na gaske. Da maƙwabta suka ji, kowa ya kawo nasa, bidiyon biki, na suna, karatun malaman da suka rasu. Ni kuma ina ta cika baki, ina ce musu abin da ya shiga nan ya shiga ke nan har jikoki. Kaset ɗin kuwa suka ƙarasa ruɓewa aka zubar.

Daminar bana ruwa ya shigo mana shago har gwiwa. Kafin ku ce me ya sa ban yi ajiya ta biyu ba, na yi, tana cikin durowar ƙasa, ita ruwan ya fara ci. Sabar kuma babban allon cikinta, wanda muke kira kat-mer, ya ƙone. Faifan ajiyar lafiyarsu lau, har na yi hamdala, na sa su a wata na'ura, sai suka ce in kawo makulli. Ashe kamfanin da ya ƙera ta ya yi ta ne yadda faifan ke kulle kansu, makullin kuma yana cikin wani ɗan ƙwayar abu a jikin allon da ya mutu. Don tsaro ne wai, kada ɓarawo ya sace faifai ya karanta. To ga shi tsaron ya yi aiki, ni ne ɓarawon.

Na nufi unguwar Akwa wurin wakilinsu da muke sayen kayan gyara a da, na tarar shagon ya koma na sayar da tayil. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa da ladabi mai ban haushi. Wai sun daina hulɗa da ƙananan masu gyara, yanzu sai manyan kamfanoni masu kwantiragin shekara, irin wannan na'urar ma sun daina kula da ita. Da na tura lambar jikinta sai suka ce a wurinsu mallakin wani kamfani ne a Turai, ba za su yi maganarta da ni ba. A ƙarshe har da tallar in riƙa hayar wurin ajiya a wurinsu, wai ya fi aminci. Wallahi da mutum ne a gabana da na shaƙe shi.

Akwai wani a wajen Grand Hangar da aka ce yana fasa irin wannan. Na je na same shi. Bai ɓoye mini ba, ya ce zai ciro ƙwayar daga mataccen allon ya dasa a wani, in ta tashi shi ke nan, in zafi ya taɓa ta ko ta ga ana matsa mata, za ta goge makullin da kanta, daga nan ko su masu kamfanin ba su iya komai. Na ce nawa cikin nawa ke tashi lafiya, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mon frère, sai dai addu'a." Kuma sharaɗinsa in bar masa komai ya tafi da shi gida, ba ya aiki ana tsaye a kansa.

A nan muka saɓa da yayata da ke aure a Sodiko. Ta ce ban isa in miƙa wa baƙo bidiyon matan unguwa ba, suna rawa a cikin gida ba mayafi, in gobe aka gan su a waya da wane ido zan kalli mazajensu. Ta ce in je in gaya wa Inna gaskiya. Na ce ita ta je ta faɗa mana tunda bakinta ya fi nawa kaifi, ta kashe waya, har yau ba mu sake magana ba. Kuma ni na san tana da gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ita Inna ba ta san komai ba. Idonta ya tafi, suga ya gama da shi, jikin ma kullum ƙara sauka yake. Abin da ya rage mata shi ne 'yar rediyonta mai memori, ina sa mata kaset ɗaya, in ta gaji da shi in canza mata. Wanda ke cikin rediyon lokacin da ruwan ya shigo shi kaɗai ya tsira, kuma ba wani abin kirki ba ne, Baba ne ke tari yana ƙorafin tayar da ta fashe masa a Garoua-Boulaï. Ta saurare shi har tana riga shi yin tarin.

Tun watan jiya take roƙona in sa mata wanda ya aiko lokacin da aka haife ni, yana hanya bai samu zuwa suna ba, ya yi mini huɗuba a kaset ya faɗi sunan da za a sa mini, har ya yi mata 'yar waƙa yana dariya. Kullum ina ce mata na'ura na wurin gyara. Ranar Juma'a da na kai mata magani ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Auta, kada ka takura kanka, ai tunda yana wurinka hankalina a kwance yake. Amma dai ka ɗan hanzarta, ina so in ji shi da kunnena kafin in je in same shi."

Na fito tsakar gida na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Faifan suna nan cikin leda a saman kabad ɗina, muryarsa na ciki, ina iya ɗaukarta da hannu ɗaya amma ba na iya jin ko kalma.

Jama'a me zan yi? In ba mutumin nan, in sa mutuncin matan unguwa da muryar Baba a caca lokaci ɗaya? In bar su a kulle ina jiran kamfanin da bai ma yarda ni ne mai kayana ba? Ko in durƙusa gaban Inna in ce mata wannan tarin shi ne abin da ya rage mata na mijinta? In akwai wanda ya taɓa buɗe irin wannan ba tare da ya goge ba, don girman Allah ya yi wa admin magana. Juma'a na zuwa, kuma za ta sake tambaya.