Babana Yana Wasan Mai Lafiya, Ni Kaɗai Na Gane

Assalamu alaikum Anti. Ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Na san filin nan na manya ne, amma abin ya fi ƙarfina kuma na rasa wanda zan faɗa wa. Don Allah ki taimake ni.

Ina aji biyar a sakandare. Babana ɗan fim ne tun kafin a haife ni. Da farko shi ne saurayin da 'yan mata suke faɗa a kansa. Daga baya ya fito a ɗan sanda, ya yi likita, ya yi ɓarawon mota har wata tsohuwa ta tsine masa a kasuwa, ya dawo gida yana murna wai aiki ya yi kyau. Wanda mutane suka fi so shi ne direban motar haya mai surutu, mai dukan sitiyari in zai yi dariya. Da furfura ta fito aka mayar da shi alƙali, sai kakan yara. Bara maigadi ya yi, buɗe ƙofa kawai. Na ƙarshen da aka kira shi gawa ce, an lulluɓe shi da farin zane, ƙafarsa kaɗai ake gani. Ya ce mana yau an biya shi kuɗin barci, kowa ya yi dariya.

Tun da na iya karatu ni nake riƙe masa takarda in yana haddar maganganunsa. Mukan zauna a kan benci a baranda, ni in karanta na sauran mutanen, shi ya faɗi nasa. Shi da kansa ya kafa mini doka, in abin bai shige ni ba in ce, "Ban yarda ba, a sake." Shi ya sa yake ce mini Darakta, wai na fi na wurin aiki tsanani, ga shi ko ruwa ba na saya wa ma'aikata. A nan na koyi yadda yake haɗa kowane mutum.

Anti, yanzu a gida yake yin fim. Watanni ke nan muryarsa tana dushewa, ya ce wa Mama mura ce. In ya shiga banɗaki sai ya saki famfo don kada a ji tarinsa. Riga biyu yake sawa a ciki don kada a ga ramarsa, dabarar da ya yi lokacin da ya fito a attajiri. Ina ganin hodar da ake shafa wa 'yan fim a wuyan rigarsa, alhali ba wanda ya kira shi aiki. In an zuba abinci sai ya yi ta ba da labari yana tura wa autanmu nasa, wai jarumi ba ya tumbi. Dariyar da yake mana ma ba tasa ba ce, ta direban nan ce, har da dukan hannun kujera. Tasa ta gaskiya ba ta da sauti, kafaɗunsa ne kawai suke rawa. Rabon da in gan ta har na manta.

Mama ta yarda, tana fita aiki da sassafe ta dawo a gajiye. Ƙannena kuma murna suke Baba ya daina fita. Rannan ya kama ni ina kallonsa, ya ce, "Darakta, yaya, na ci?" Na sunkuyar da kai na ce ya ci.

Ya daɗe bai samu babban matsayi ba, ina ganin wannan kaɗai ya rage masa, na uba mai lafiya. In na faɗa wa Mama na ƙwace masa shi. In na yi shiru kuma, farin zanen nan nake gani. Jikina ma yana ba ni ko na yi magana an riga an makara. Karatu ya daina shiga kaina.

Ki yafe mini na cika ki da surutu. In ba zan takura miki ba, kin ba ni izini in sake rubutowa?

'Yarki mai riƙe takarda.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki yi laifi ba, laifin shi ne da a ce kin ci gaba da haɗiye wannan ke kaɗai.

Ki fara da yi wa mahaifinki uzuri. Mutumin da muryarsa ce jarinsa, ranar da ya ji tana tafiya tsoro ne zai kama shi, sai ya ruga ga abin da ya fi iyawa. Ba yaudararku yake yi ba, kare ku yake da makamin da yake da shi. Kin yi daidai da kike tunanin mutuncinsa.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dushewar murya ta watanni, ga rama, ga ƙin abinci, magana ce ta asibiti a makon nan. Ni ba likita ba ce, ke ma haka, don haka hukuncin "an makara" ba namu ba ne. Ba zan yi miki alkawarin labarin zai yi daɗi ba, yana iya yin nauyi. Ko da hakan ne, akwai magani mai rage ciwo, kuma gara ya huta a gadonsa da ya ƙarar da ƙarfin da ya rage masa wajen ba ku dariya.

Kada kuma ki tabbatar Mama ta yarda. Matar da take ganin wuyan rigar mijinta kullum ba ta rasa ganin hoda. Wataƙila ita ma tsoro ne ya rufe mata baki, kowa a gidanku yana raga wa kowa.

Ki fara da shi, ba a gaban kowa ba. Ki kira shi bencin nan naku, ki faɗa masa abin da kika gani, famfon da rigunan da dariyar aro. Ki ce kin bar masa ya sanar da Mama da bakinsa kafin ƙarshen mako, in ya kasa ke za ki faɗa. In ya ƙi, ki cika maganarki, ku haɗa da baffanki ko kawunki wanda yake jin nauyinsa. Zai iya yin fushi. Fushin uba yana hucewa, ki jure. Daga nan ki sauke kayan a hannun manya ki koma kan littafinki, wannan nauyi ba na 'yar aji biyar ba ne.

Ki kuma sake duba tambayar da ya yi miki. Wanda ya tabbata ya ci ba ya tambaya. A duk gidan ke kaɗai ya ba ikon tsayar da shi, kuma ke ya zaɓa ya tambaya. Ki koma ki ba shi amsar da ya koya miki.

Ki rubuto duk lokacin da kika so, ko labarin ya yi daɗi ko bai yi ba. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙarfafa zuciyarki, ya nuna miki kafaɗun nan suna rawa.