Katin Aure Ya Koma Sanarwar Rasuwa a Sabuwar Kwamfutar Babana

Malama Tahani, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a, don in Juma'a ta wuce, ko kin amsa ba abin da amsar za ta gyara.

Mahaifina, Baba Shahata, yana da ɗan shagon buga kati a garin Damanhur na ƙasar Masar: katin aure, sanarwar rasuwa, da jadawalin sahur da buɗa-baki wanda kowane mai shago a layinmu ke rabawa da sunansa a kai idan azumi ya ƙarato. Duk a wata tsohuwar kwamfuta yake aikin, wadda ta girmi ƙanwata. In ya kunna ta, sai ya je ya sha shayi ya dawo, ita tana nan tana nishi. Ni ne na dame shi har ya sayi sabuwa, na kuma bugi ƙirji cewa ni zan kwashe masa komai.

Ni fa aikin gona na karanta a jami'a. Amma kin san garinmu, duk wanda ya taɓa gyara wa tsoho waya ya zama injiniya har ya mutu.

Na sa filashi, na ja duk 'yan hotunan da ke fuskar tsohuwar na zuba a ciki, na juye a sabuwar. Abin bai ɗauki lokaci ba, har ni ma na ji ina burge kaina. Baba ya rataya wa sabuwar shuɗin dutse saboda kambun baka, Mama ta raba wa maƙwabta ruwan zaƙi. Yanzu a wajen shan gahawa Baba ba shi da zance sai, “Injiniyana ya kwashe aikin shekara ashirin kafin shayina ya huce. Ku naku 'ya'yan me suka iya ban da cin gyaɗa?”

Jiya na shiga shago ni kaɗai don in gwada. Manhajar da yake tsara kati da ita ta ƙi buɗewa. Yawancin abin da na danna sai ya ce bai san inda abin yake ba. Da ƙyar na sami katin auren 'yar Kawu Ragab mahauci, na buɗe shi da wata manhaja na buga. Malama, rubutun nan mai lanƙwasa da Baba ke alfahari da shi ya ɓace. Sunan amarya ya fito baƙi ƙirin, a miƙe, sak sanarwar rasuwa. Saura kawai a rubuta inda za a karɓi gaisuwa. Kuma mahauci ne fa uban.

Tsohuwar tana baranda yanzu, kusa da buhun albasa. Mama tana sharar azumi, har ta yi musayarta da ɗan gwangwan, ya ba ta robobin wanki, zai dawo Juma'a ya ɗauka. Na ce ta ɗan dakata, ta ce, “Ba kai da bakinka ka ce ka gama ba, injiniya? Ko robobin mutane zan mayar bayan na jiƙa wanki a ciki?” Baba kuma ya ce ranar Asabar zai fara aiki da sabuwar.

In na faɗa masa, da wane ido zai koma wajen gahawa? In na yi shiru, aikinsa ya tafi a amalanke. Har na yi tunanin in ce sabuwar ce ta zo da matsala daga kanti.

Injiniyan Dole, Damanhur

Ɗana Injiniyan Dole,

Barka da shigowa babbar ƙungiya. Mutane da yawa, har da masu digirin da ya fi naka kusa da kwamfuta, sun ɗauka 'yan hotunan da ke fuskarta su ne kayan. Galibinsu alamu ne kawai masu nuna hanya. Ka ciro allon sunan shago ka kai sabon layi, shagon kuwa yana inda ka bar shi. Shi ya sa aikin ya yi maka sauri: ba ka ɗauki wani abin kirki ba.

Albishirinka, babu abin da ya ɓata tukuna. Komai yana baranda yana shaƙar albasa. Don haka aikinka na farko ba na kwamfuta ba ne. Ka tsayar da ɗan gwangwan. Mamanka ba ta yi laifi ba, maganarka ta gaskata, kuma wannan yabo ne ko da ya zo maka da zafi. Ka nemi mutumin ka roƙe shi ya ƙara muku lokaci. Wanda ke yawo da amalanke yana jiran mutane su gaji da kayansu ba ya rasa haƙuri.

Sai ka mayar da tsohuwar shago ka kunna. Ka nemo ainihin foldojin da katunan suke, har ɓangaren ajiya na biyu in tana da shi, don tsofaffin masu sana'a can suka fi ɓoye aiki. Ka kwafa, kada ka yanke, a ma'ajiya mai girma, ka bar ta ta ɗauki lokacinta. In ka ga ta gama nan take, ka yi zargi.

Manhaja ba a jan ta kamar fayil. Sai an girka ta sabuwa daga faifanta ko daga masu ita, da lambar izininta. Mai yiwuwa ta tsufa har sabuwar kwamfutar ta ƙi ta. In haka ne, ka buɗe muhimman katunan a tsohuwar, ka adana kowanne a sigar da ake bugawa kai tsaye, kafin ku sami wadda za ta maye gurbinta.

Batun amaryar da ka kusa yi wa ta'aziyya kuwa, salon rubutu ba a cikin kati yake zaune ba. Kati sunan salon kawai yake riƙewa, in bai same shi ba sai kwamfuta ta ba shi wanda ta ga dama. Akwai folda ta musamman ta salon haruffa a cikin tsarin tsohuwar. Ka kwafe ta, ka girka su a sabuwar. Ka girka manhajar firinta ma, ka ɗauki hoton saitin girman takarda da na launi da wayarka, don waɗannan ba sa bin kowa ƙaura. Idan komai ya tabbata, ka goge tsohuwar tas. Sunaye da hotunan 'ya'yan mutane ne a ciki, ba a haɗa su da robobi.

Maganar ɗora wa kanti laifi, ka bar ta. Za a canza muku wata, ita ma ta buga irin wannan katin. Na san kana tausayin fuskar Babanka, kuma shi ma yana da nasa kason, don ya yi shela kafin ya danna ko maɓalli ɗaya. Amma ba yaudarar kowa yake yi ba, daɗinka yake ji, kuma aikin da ya ci ƙuruciyarsa ya fi masa hirar gahawa. Ka faɗa masa yau. Ka zaunar da shi kusa da kai, ku yi ƙaurar tare, ya riƙa nuna maka abin da yake so a fara ɗauka. Abokansa za su yi masa tsiya, shi ma ai yana yi musu.

Ka gwada da kati ɗaya tak. Ka buga shi a tsohuwar, ka buga a sabuwar, ka miƙa wa Baba su biyun ba tare da ka ce komai ba. Ranar da ya kasa bambance su, ka gama. Allah ya ba ka sa'a, ya kai mu azumi lafiya.

Malama Tahani