Ta Ƙasa Zan Zo

Bodinga, ranar Asabar

Zuwa ga ɗana Ashiru, a Fatakwal.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kuna lafiya, kai da Safinatu da takwarana. Yaya aiki, yaya ruwan garin nan naku da ba ya ɗaukewa? Mu nan sai godiya, an gama cirar albasa.

Maƙwabcina Ɗanmalam ke rubuta mini takardar ga, zai ɗauke ta hoto ya tura maka. Na bar magana da kai ta waya, don ban kai rabin zance ba kake cewa in tsaya in ji. Takarda ba ta katse mutum.

Saƙonka ya iso. Ka sami hutun kwana goma sha huɗu daga Litinin, ka yankar mana tikitin jirgin sama ni da innarka, mu zo mu huta, mu ga teku, in ga yaron da ka sa wa sunana, wanda har ya fara tafiya ban taɓa aza shi bisa cinyata ba. Allah shi yi albarka. Zan zo. Amma jirgi kam, ban hawa.

Kafin ka yanki tikitin wa ka shawarta? Ba ni ba. Taubashina Arzika na Shagari ka kira, don ya yi malamin firamare, ya je Makka. Tun da mutumin ga ya dawo da haƙorin nan nasa, ba a zama da shi bai ce lokacin da muke sama ba. Wurin suna a Kajiji ya gaya wa jama'a wai in jirgi ya gilma bisa Bodinga ƙarƙashin rumbu nake shiga. Sau ɗaya aka yi haka, kuma gara nake dubawa.

Ba tsoro ba ne, hankali ne. Shekara ashirin na yi ina bin motar albasa zuwa kudu tun kana goye. Mota in ta lalace a sauka a nemi inuwa. Jirgi in ya lalace, a sauka ina? Haliru direba na san ubansa, na san kakansa. Matuƙin jirgin naku ɗan gidan wa ne?

Haliru zai yi lodi ranar Litinin, kwana uku muna Fatakwal. Innarka ta ce ita jirgin za ta hau. Shekara arba'in da biyar tana bin maganata, takarda ɗaya ta ɗauke ta. To, sai ta je.

Ka gaida iyali.
Ubanka, Ɗantani

Shagari, ranar Laraba

Zuwa ga Ashiru.

Sallama da fatan alheri. Yaya takwarana, yaya gajiyar innarka? Ni lafiyata lau, kada wani ya gaya maka wani abu.

Za ka ga rubutun ya sake hannu. Ga yadda aka yi. Mun tashi Litinin bayan azahar, buhunan albasa har sama, ni a gaba kusa da Haliru. Ba mu yi awa guda ba kuloci ya ƙone. Duk faɗin ƙasar ga, motar ta rasa inda za ta mutu sai Shagari, bakin titi, jifa ɗaya daga ƙofar gidan Arzika. Haliru ya koma Sakkwato neman kayan gyara, ya kawo wanda bai shiga ba, ya sake komawa.

Na shimfiɗa tabarmata a inuwar motar. Ban daɗe ba sai ga Alhajin naka yana tafe, haƙori na ƙyalli tun daga nesa. Ya tambaye ni ko nan ce Fatakwal ɗin, wai yana son a nuna masa teku. Ya ce in zo gida, na ce ban zuwa. Tuwon da matarsa ta aiko kam na ci, don tuwo bai yi mini laifi ba.

Na rasa mai rubutu, dole shi na sa. Rubuta, Arzika, kada ka tsallake: kai mai surutu ne, tun muna yara haka kake. In ya gama zan kai wa bakaniken ga, ya yi sakandare, ya karanta mini in ji ko an rage ko an ƙara.

Arzika ya nuna mini hoton da ka turo, innarka bakin ruwa da takwarana a hannunta. Yaron kunnuwana ya ɗauko. Na ji muryarta kuma, wai an ba ta shayi a sama, ko girgiza kofin bai yi ba. Ita ma ta fara irin zancen Arzika, wai lokacin da muke sama. Da ɗaya gare ni, yanzu sun zama biyu.

Ka ce in koma Sakkwato, za a mayar da tikitin ranar Asabar. A'a. Na san kwana uku sun tafi cikin hutunka, ban yi boko ba amma na iya ƙidayar kwana. In na juya daga nan, mi zan ce wa mutanen Bodinga da suka raka ni tasha? Motar ga za ta tashi, kuma da ni za ta tashi.

Ubanka, Ɗantani

Shagari, ranar Juma'a

Ɗana Ashiru,

Sallama. Ina gaishe ku duka, ina tambayar lafiyarku. Ka ce wa Safinatu ta yi haƙuri da abincin da take ta ajiye mini.

Jiya Arzika ya zo ya ce rana za ta kashe ni a gindin mota, ya fizgi jakata zai kai gidansa da ƙarfi. Na riƙe, ya ja, bakinta ya buɗe. Likkafanina ya faɗo ƙasa. Ban taɓa tafiya ba shi ba, ko innarka ba ta sani ba. Na jira dariya, ba ta zo ba. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya ninke, ya mayar. Sai ya ce shi ba zai ƙara rubuta maka zancen inuwa da ɗan gidan wa ba, in faɗi gaskiya ko in nemi wani marubuci. In na faɗi tawa, ya yi alkawari shi ma zai faɗi tasa.

To ga ta. Kana shekara biyu kwale-kwale ya kife da wana Hassan a kogin Yauri. Kwana tara muna bin gaɓa, ni da Arzikan ga, muna tambayar masunta. Ba mu same shi ba. Aka yi masa salla babu gawa. Kakarka ta yi shekara goma sha ɗaya bayansa, ba ta yarda an naɗe shimfiɗarsa ba. Kullum cewa take ƙila ya fita ta wani gari. In baƙo ya yi sallama, sai ta miƙe. Ni na ga abin ga da idona, ba labari aka ba ni ba.

Arzika ya ce hanya ta fi jirgi cin mutane. Na sani. Amma hanya tana barin gawa, jirgi in ya faɗi ba lalle a same ta ba. Mutuwa ban gudunta, shekara saba'in da huɗu sun ishi mai godiya. Abin da nake so, a same ni, a yi mini wanka, a sa ni cikin ƙyallen nan, a kai ni maƙabartar da kakarka take. Ban son innarka ta riƙa miƙewa in an yi sallama. Kira shi tsoro in ka ga dama. Ni dai ban hawa.

Yanzu saura naka, Arzika, ka yi alkawari. Rubuta. Ashe ranar da suka tashi zuwa Makka, Alhajin naka ido rufe ya je, ido rufe ya dawo. Ya damƙe hannun wani bawan Allah mutumin Tambuwal, har ya bar masa wasiyyar awakinsa. Abincin jirgin da yake ba mu labarinsa ko buɗe shi bai yi ba. Shekara tara yana cika mana kunne da sama, bai ga saman ba! Na yi dariya har Haliru ya leƙo daga ƙarƙashin mota.

Kulocin ya shiga da safen nan. Buhu biyu sun fara ruɓa an fitar, nawa da na ɗauko muku daga fadamata yana nan lafiya. Bayan an sauko Juma'a za mu tashi. Litinin in Allah ya yarda muna wurinku, mako guda ya rage a hutunka, ya ishe ni in koya wa takwarana kiran sunana. Kuma kada ka fara zancen tikitin dawowa. Haliru zai ɗauko manja, da shi zan komo.

Ku shirya shimfiɗa biyu. Arzika ya haɗa jakarsa. Wai teku yake son gani, amma na ji yana gaya wa Haliru in wani abu ya faru a hanya, shi zai maido ni Bodinga. Ban gode masa ba, kada ya saba. Kwana uku zan yi da surutunsa a gaban mota, ka taya ni da addu'a.

Takardar ga ban kai wa bakanike. Abin da Arzika ya rubuta, shi na faɗa.

Ka ce wa takwarana kakansa na nan tafe, ta ƙasa.

Ubanka, Ɗantani