Ba Kunyar Ɗan Fari Ba Ce

Lafia, ranar Talata

Yaya Sabuwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya aikin gona a Ashige, yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun maƙwabciyata Nasiha maimakon kiran waya. A gidan nan ko tari na yi, surukata Iya tana ji. Ki karanta ki ƙona.

Yaya, yaron nan ba nawa ba ne. Na faɗa, ki ce na haukace in kin ga dama. Kin san da na haihu jini ya ɓalle mini, ban san inda kaina yake ba sai bayan la'asar. Da na farfaɗo aka miƙo mini jariri cikin shawul ruwan ɗorawa. Matar gadon kusa da ni, wata 'yar ƙabilar Tibi mai suna Ngunan, ita ma namiji ta haifa a ranar, kuma wallahi shawul ɗinmu iri ɗaya, wanda ake sayarwa a bakin ƙofar asibiti. Wa ya ga lokacin da aka yi musu wanka? Wa zai rantse?

Kowa ya ce da na ji ɗumin ɗana zan manta wahala. To na rungume shi, na shinshina shi, ban ji komai ba, kamar an ba ni riƙon ɗan maƙwabta. In yana shan nono bango nake kallo. Iya kuwa sai yabona take wa 'yan barka, wai ta daɗe ba ta ga mai kunyar ɗan fari irina ba, ko sunansa ba na kamawa. Ni ko murmushin nata ban yarda da shi ba.

Ƙanwarki,
Ikilima

Lafia, ranar Lahadi

Yaya Sabuwa,

Ina gaishe ki, a gaishe mini da yara. Saƙonki ya iso. Wai in yi addu'a in sha kunun kanwa. Haba Yaya, har da ke? Wa ya riga ni zuwa wajenki?

Maigidana Salmanu yanzu da wuri yake baro aikinsa a Shabu. Babur na tsayawa sai ɗakin Iya, su yi ta ƙus-ƙus, ina ɗaga labule su yi tsit. Sun san wani abu. Na duba kunnen yaron, na duba yatsunsa, ban ga namu ba, ban ga nasu ba. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya wucewa. A wajen wankan jego nake kukana, don a cikin tururi ba mai gane hawaye. Jiya ya yi ta tsala ihu ina zaune ina kallonsa, hannuna ya ƙi ɗaguwa, har Iya ta shigo ta ɗauke shi tana mini tsiya.

Nasiha ta binciko mini: Ngunan doya take sayarwa, gidansu na hanyar Kwandere. Ranar yawon arba'in zan ce dangi zan gaisar. In na ga nawa zuciyata za ta gane shi, in ajiye musu nasu, duk abin da zai faru ya faru.

Taki,
Ikilima

Lafia, ranar Alhamis

Yayata,

Da fatan kun wuni lafiya. Na je.

Na tarar da Ngunan tana jera doya a tsakar gida. Ta gane ni nan take, ta yi shewa, ta ba ni kujera. Na ce ta ba ni ɗanta in gani. Ta kwance goyo ta miƙo mini ba ko ɗar. Na ɗora shi a ƙirji, na rufe ido, na jira zuciyata ta motsa.

Yaya, ba ta motsa ba. Shi ma ban ji komai ba.

Ban san sanda kuka ya ƙwace mini ba, na zayyana mata abin da ya kawo ni. Na ɗauka za ta tara mini jama'a. Sai ta karɓi ɗanta, ta nuna mini wata yarinya tana wasa a gindin mangwaro, ta ce sunanta Doose, 'yarta ta fari. Da Hausarta ta kasuwa ta ce haka ta yi da ita, wata da watanni ba ta son ko jin kukanta, sai da aka kai ta asibiti, ita Ngunan ɗin. Ta ce ciwo ne, yana kama mai jego, kuma ana warkewa.

Da na dawo na tare Salmanu, ya faɗa mini gaskiya. Ashe ƙus-ƙus ɗin nan roƙon Iya yake ta bari ya kai ni a duba ni, ita kuwa ta kafe wai kunya ce, kada ya ɓata mini tarbiyya.

Ba kunya ba ce, Yaya, ba ni da lafiya, kuma tsoro nake ji. Don girman Allah ki bar gonar nan ki zo ki raka mu asibiti ranar Litinin, Iya tana jin nauyinki. Kada ki ƙona wannan, ki zo da ita, in bakina ya kasa ki nuna wa likita.

Zan tsaya nan, Yahya ya farka yana kuka. Har yanzu ban ji komai ba, amma nawa ne, bari in je in ɗauke shi.

Ƙanwarki,
Ikilima