Mijina ya manta ya sake ni

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a tsine mini a karanta har ƙarshe.

A Sintali nake, nan Jalingo. Shekara tara ina auren mutum mai saurin hannu, har ya yi mini saki biyu. Ba a daɗe da ba mu jiha ba, wata safiya a kan kunu ya yi tsami ya rubuta na uku, ya jefo mini a cinya, ya ce kada ya dawo daga Sunkani ya tarar da ko tsintsiyata. Ban gama ɗaure kaya ba aka zo aka ce tifa ta buge shi a babur, kansa ya fashe. Da ya farfaɗo a asibiti bai san sunansa ba, bai gane Dada da ta haife shi ba. Nas ta nuna ni ta ce, "Ga matarka." Na yi shiru. Ina komawa gida na cusa takardar a murhu.

Wallahi ba so ya zaunar da ni ba, ramuwa ce. Abin da na faɗa masa shi ne tarihinsa. Na ce da ma shi ke wanke-wanke, ya durƙusa yana yi, ina kallo raina fes. Ashe ranar da ya sake ni ya biya ta wurin yayansa Hamma kafin ya kama hanyar Sunkani. Hamma ya ja ni gefe ya ce, "Ke, ki ji tsoron Allah, ya gaya mini ya sake ki." Ranar na nuna wa mijina tabon goshina, wanda shi da kansa ya yi mini, na ce aikin Hamma ne. Da taɓarya ya kore shi a gaban maƙwabta, Hamma yana kuka yana cewa, "Ni fa na goya ka." Tun daga nan ko Dada ba ta sake taka gidan ba. Wace irin mace ce ni?

Shekara biyu ke nan, yanzu ina da cikin wata biyar, kullum sai ya shafa shi yana sa mini albarka. Kunya kamar ta kashe ni. In na yi shiru, da wa nake kwana? In na faɗa, kun san sunan da garin nan zai kira ɗana da shi har ya mutu.

Me zan yi?