Ƙullin Daddawa a Kan Dakali

Zuwa ga Yayana Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ku daga fitinar wannan zamani. Mu nan Minjibir muna lafiya. An yanke gero, dawa ta kusa, gyaɗa ce kawai ba ta yi abin kirki ba. Barira ta yaye 'yarta, Kulu kuma ta haifi namiji ranar Laraba.

Yaya, albishirinka, an yi wa Baba aikin ido! Ka san shekara uku ke nan yanar ido ta rufe masa gani, har ya bar karantarwa. Da muka samu ganin likita a Kano, ya sa mana rana, ya ce sai mun zauna kusa da asibiti kwana goma, kuma in muka kuskure ranar sai bayan wata shida, idon dama kuwa ba zai jira ba. Baba ya ce gara ya zauna da duhunsa da ya je ya kwana a birnin da kullum sai an ji ƙarar bam. Ban ga laifinsa ba, kai ma kana jin labarin Kano a rediyo. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin in je in ga masaukin da idona.

Sabo na gidan Kawu, wanda tun da ya fara aiki a birni yake kallonmu kamar kajin ƙauye, shi ya kai ni wani masauki a bakin babban titi. Ga katanga, ga ƙofar ƙarfe, ga shingen sojoji a gabansa. Ya ce duk Kano babu inda ya fi nan tsaro. Na zauna a ƙofar wajen awa guda, mutane na shiga suna fita, babu wanda ya tambaye ni 'yar wace ce ni, ko sallama ba a yi mini ba. Raina bai kwanta ba. Na ce masa ni ba zan kwantar da Baba inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. Ya yi dariya, ya ce to in je in nemi ƙauyenmu a cikin birni.

Sai na tuna dabarar marigayiya Inna, Allah ya jiƙan ta. Ka tuna in ta je baƙuwar kasuwa takan ajiye ɗan ƙulli ta zaga, in ta dawo ta same shi ta ce mutanen nan masu amana ne? Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Na shiga wata tsohuwar unguwa bayan asibitin, na ga awaki suna yawo ba igiya, ga barkono an shanya a ƙofar gida, dattawa na zaune a gindin darbejiya. Na ajiye ƙullin daddawata a kan wani dakali, na zaga ta lungu. Ni baƙauyiya, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa a Kanon yanzu babu abin da ake gudu kamar ƙullin da ba a san mai shi ba.

Da na dawo, Yaya, na tarar an kori yara cikin gida, an tare lungun da benci, maza sun yi cirko-cirko daga nesa. Kafin in buɗe baki wata tsohuwa ta nuna ni, ta ce ga ta nan, mai shuɗin mayafi da ta shigo ta wajen famfo. Ashe sun san ta inda na shigo, da inda na tsaya, har da wadda na gaisar. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai unguwa, Malam Iliyasu, ya sa na kwance ƙullin da hannuna. Da warin daddawa ya tashi sai wuri ya kaure da dariya. Ya yi mini faɗa sosai, na kuma amsa laifina. Amma a raina murna nake yi, domin unguwar da ƙulli ba zai yi minti biyar ba a lura da shi ba, ita nake nema. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Sai ya ce shagon ƙofar gidansa babu kowa, in kawo Baba mu sauka a nan.

Ranar aikin da safe aka ji ƙara daga wajen babban titi, nan take aka rufe hanyoyi. Masaukin Sabo kwana biyu ba shiga ba fita. Ni kam na sare, na zauna ina hawaye, Baba yana ce mini haka Allah ya so. Malam Iliyasu ya ce titi aka rufe, ba a rufe lungu ba. Ya kama sandar Baba, matarsa Aishatu ta riƙe mana kwanon abinci, muka bi ta bayan gidaje da ƙafa, duk inda muka ɓullo ana gaishe shi ana ba mu hanya. Muka isa ana kiran sunan Baba. Sabo ya zo dubiya rana ta uku, kansa a ƙasa. Na tambaye shi ko yana son in nema masa ɗaki a ƙauyen namu na birni.

Ka gaishe da Asama'u da yara, da Alhaji Ja'afaru mai gidanku. Barira da Kulu da Kawu suna gaishe ka. Ka sa Malam Iliyasu da iyalinsa a addu'a, in an girbe dawa zan kai musu da kaina, har da daddawa. Sannan ka duba ƙasan takardar nan. Layi biyun ajamin da za ka gani ba ni na rubuta ba, ka san hannun. Ya karɓi alƙalamin ya ce in matsa in ba shi haske, zai gaida ɗansa da kansa.

Taka ƙanwa,
Kaltume