Luks Ɗari Biyar a Takarda, Lumen Ɗari Biyar a Kwali

Zuwa ga Injiniya mai kula da gine-gine na ƙungiyar da ta gina mana ɗakin ɗinkin hula a Gamboru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ranka ya daɗe, ni ce mai kula da ɗakin nan da mata ashirin da biyu suke ɗinkin hula a ciki. Sau biyu na rubuta wa ofishinku a kan hasken ɗakin, sau biyun kuma amsar da na samu ita ce tunatarwa cewa ban sa hannu a takardar kammala aiki ba. Shi ya sa na fito fili. Ba da fushi nake rubutu ba. Mamaki ne ya fi yawa, da son in san yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Tarihi na karanta a jami'a, don haka kafin watan jiya ban san luks ba, ban san lumen ba. Ya Falmata ce ta sa na koya. Ita ce babbarmu, ta fi shekara talatin tana ɗinkin hula, kuma rabin matan ɗakin a hannunta suka koya. Ta yi mako uku a kan wata hula. Da ta fito da ita waje, sai ga shi ta cakuɗa baƙin zare da shuɗi mai duhu a zane ɗaya. Ta warware ɗinkin da hannunta, ta soke allurarta a bakin gyale, ta ce mana idonta ya ƙare, gara ta koma gida tun ba a fara yi mata dariya ba. Yau kwana goma sha biyu ba ta zo ba.

Na biyu. Da na lura cewa har 'yan mata masu sabon ido kokawar zama bakin ƙofa suke yi, sai na ɗauko takardar yarjejeniya. A shafi na huɗu an rubuta cewa hasken wurin aiki zai kai luks ɗari biyar. Na kuma ɗauko kwalin ƙwan fitilar da ɗan kwangilarku ya bari a bayan ƙofa. A jikinsa an rubuta lumen ɗari biyar. Lamba ɗaya ce, kalmomin biyu duk da harafi ɗaya suka fara. Na gane jarabar.

Na uku. Ga abin da na karanto, in na yi kuskure ka gyara mini, kai ne injiniya. Lumen shi ne duk hasken da ƙwai yake fitarwa. Luks shi ne abin da yake sauka a kan murabba'in mita ɗaya, wato a kan cinyar mai ɗinki. Da na bayyana wa matan, Ya Kaltum mai sayar da turaren wuta ta riga ni kaiwa ƙarshe. Ta ce ai cokali ɗaya a kasko yana cika ɗakin amarya, amma a zuba shi a ɗakin taron biki a ga ko na bayan fage zai ji ƙamshi. Na duba bayanai da dama a waya, ban samu wanda ya fi nata ba.

Na huɗu, lissafi. Ɗakinmu mita goma ne a tsawo, shida a faɗi, murabba'in mita sittin ke nan. Luks ɗari biyar sau sittin ya ba da lumen dubu talatin. Abin da aka rataya mana ƙwai huɗu ne, jimillarsu lumen dubu biyu. In aka raba dubu biyu gida sittin, luks talatin da uku za a samu, shi ma in babu wanda ya ɓace a bango da rufi. Na sa manhajar auna haske a wayata. Na san ba ta kai na'urarku ba, amma a kusurwar da Ya Falmata take zama ko talatin ɗin ba ta nuna ba. Kowane ƙwai a cikin huɗun nan ya cika alkawarin yarjejeniya tsaf, da sharaɗin ɗakin bai kai darduma biyu ba.

Tagogin ma, ka sani, ƙanana ne kuma can sama, saboda tsaro aka ce. Ban yi musu ba. Sai dai da sha biyun rana ɗakinmu magariba yake yi.

Na biyar, kuma a nan ne son sanina ya fi ƙarfi. Takardar yarjejeniyar nan ta bi ta hannun mai zane, da mai sayen kaya, da mai dubawa, da kai. A wane teburi luks ya rikiɗa ya zama lumen? Ranar buɗe ɗakin kun zo ku da yawa, an yi hotuna, kuma hotunan sun yi kyau ƙwarai, domin kyamarar da nata hasken ta zo. Babu wanda ya zauna ya riƙe allura. An ce irin wannan zane za ku yi amfani da shi a Umarari da Gomari. In haka ne, akwai wasu tsofaffin da za su koma gida suna zargin idanunsu.

Ranar Juma'a na je gidan Ya Falmata. Na zaunar da ita a inuwar dalbejiya, na miƙa mata allura da baƙin zare, ta zura shi karo ɗaya tana hira. Na ce mata laifin fitila ne. Ta dube ni ta ce masu ilimi ne suka auna fitilar, har suka rubuta a takarda, ni kuma 'yarta ce, tausayinta nake ji. Ranka ya daɗe, digirina bai kai takardarku nauyi a wurinta ba.

Don haka roƙona uku ne. A sake lissafin da faɗin ɗakin, a sa fitilun da za su kai abin da aka rubuta, a kuma duba ko sola da batirin da suke ba ɗakin wuta za su ɗauka. A dakatar da zanen sauran unguwannin har a duba shafi na huɗu. Na ukun ya fi sauƙi, ya kuma fi muhimmanci: ka zo da kanka, da na'urarka, ka faɗa wa Ya Falmata da bakinka cewa kuskuren ba a idonta yake ba. Kai za ta yarda da kai.

Takardar kammala aikin tana cikin jakata, ba ta ɓata ba. Na ajiye maka kujera a kusurwar Ya Falmata, da allura, da zare biyu, baƙi da shuɗi. Ranar da ka zauna a wurin ka gaya mini wanne ne wanne, zan sa hannu.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya bar maka ganinka har tsufa.

Wassalam.

Yagana,
mai kula da ɗakin ɗinkin hula, Gamboru, Maiduguri.